Motar Issufu Ta Daina Rawa

Da faɗuwar daminar bana Issufu ya cika shekara takwas da rasuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in sa a dama fura a raba wa maƙwabta, in je in gai da matarsa Hajara, in dawo gida in yi shiru ba. Bana kam shirun ya gagare ni. Ina ɗauke da labari mai daɗin da ya hana ni zama wuri ɗaya, wanda ya fi kowa cancantar jin sa kuwa ba ya nan. Shi ya sa na ce bari in zazzage muku shi, ko na samu sauƙi.

Issufu taubashina ne, mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito. Tun muna yara a Tanut ba mu taɓa gaisawa cikin mutunci ba. In ce masa bawana, ya ce mini Mushe mai farin hannu, Mushe kuwa haka ake kiran malamin boko a wajenmu, don ni koyarwa na yi da alli har na ajiye aiki, shi kuwa tuƙi ya kama. Yana da wata tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake yi wa rumfar tamfol, wadda ta girmi duk 'ya'yansa. Da ita yake jigilar mutane da kaya tsakanin Tanut da Belbeji ranakun kasuwa, da ita ya ci da gidansa.

A wancan lokaci, kuma har yau ban ga an canza sosai ba, direban ƙasarmu ta Damargu abu ɗaya ya sani a ƙarƙashin mota, shi ne lam, dogayen ƙarafan nan da ake jerawa kan juna a wajen tayoyin baya. Mota ta zauna saboda nauyi, a ƙara lam. Ta sake zama, a sake ƙarawa. Amortisa kuwa, wato bututun nan mai mai a ciki da ke hana mota ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami, idan ta mutu sai a cire a jefar, wai kwalliyar Nasara ce. Issufu shi kaɗai ya bambanta, har ana yi masa dariya a tasha. Cewa yake yi lam kaya take ɗauka, amortisa ce ke riƙe taya a ƙasa, tayar da ba ta ƙasa kuwa ko ka taka birki har ƙafarka ta huda motar, iska take kamawa. Da yake sabuwa wuyar samu gare ta a Tanut, sai ya huda tsohuwar, ya zuba mata mai, ya toshe, ya mayar.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake gwada aikinsa. Mahaifiyarsa 'yar makiyayan Tenhiya ce, kuma yana da wani kawu da ya yi suna wajen bin sawun raƙuman da suka ɓata. A wurinsa Issufu ya yi damuna da yawa yana yaro, a can ya koyi karanta ƙasa. Doka ta farko da kawun ya koya masa ita ce, da sassafe ake duba sawu, lokacin da rana ke kwance tana yi wa kowane ɗan tudu inuwa, kafin dabbobi su tattake shi. Da rana ta hau tsaka ba mai hankalin da zai duƙa yana neman sawu, ba abin da zai gani.

To wannan ilimin ya kawo cikin harkar mota. Duk sa'ad da ya taɓa ƙasan bashen, da an sallame asuba sai ya zo ya buga mini ƙofa. Mu fita bayan gari ta hanyar Belbeji, ya sare reshen aduwa ya share hanya fes, motar kuma ga ta maƙare da buhunan yashi a madadin fasinja. Sai ya ja baya can nesa, ya taho a guje, yana isowa wurin da ya share ya danna birki da iyakar ƙarfinsa. Daga nan ya sauko, ya naɗe riga, ya tsugunna yana bin sawun da yatsa. Idan layi biyun sun tafi a miƙe ba yankewa, lafiya lau. Idan sawun ya zama guntu-guntu, nan akwai can babu, to taya tsalle take yi. Idan na dama ya fi na hagu zurfi, motar ta karkata. Wallahi daɗin kallon nan nake ji har cikin raina, amma ban taɓa gaya masa ba, don tsakaninmu yabo haramun ne.

Ana nan wata ranar kasuwa, cikin tsananin bazara, yana dawowa daga Belbeji bayan azahar da mota cike da mutane, sai ga amalanken jaki ya faɗo masa hanya daga bayan wasu itatuwa. Ya taka birki. Gaban motar ya nutse, bayanta ya ɗaga ya kama tsalle, sannan ya wulwulo gefe ɗaya har ta gicciye a hanya. Mutane da buhuna suka zube ƙasa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata mata mai sayar da cuku ta karye a hannu. Kafin magariba labari ya cika Tanut, kuma tun ranar aka laƙaba wa motar Mai Rawa, shi kuma Issufu Mai Rawa.

Sarkin tasha a lokacin, kuma har yanzu, shi ne Alhaji Bukar, dattijo marar son hayaniya. Ya ce motar ta fita daga layin fasinja, kaya dai ta ɗauka, ban da mutum. Issufu ya rantse motarsa lafiyarta ƙalau. Washegari da sassafe ya tattaro Alhaji da direbobi, ya share hanya, ya taho a guje, ya danna birki. Ina wurin, da idona na gani, layi biyu sambal ba yankewa ko ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan," in ji Issufu. "Ƙasa ba ta ƙarya."

Alhaji ya daɗe yana kallon sawun, sannan ya ce, "Na ga sawu, Issufu. Amma na ga hannun matar nan ma."

Haka aka tashi. Sauran shekarunsa itace da kara ya yi ta ɗauka da motar. Bai daina gwajin ba. Ya canza mai, ya canza robobi, ya canza tayoyi, kullum safiya sawun ya fito masa da kyau, kullum ya koma tasha a ce masa a'a. Abin da ke cin sa ba raguwar samu ba ce kawai, yana ganin an mai da shi maƙaryaci ne a garinsu, shi da ya fi kowa kula da ƙasan mota. Ni kuma na zama lauyansa, duk majalisar da aka ce Mai Rawa sai na tashi da faɗa. Ciwon ajali ya zo ya same shi a kan haka. Aka ɗora motar kan duwatsu a ƙofar gida, kaji suka mai da ita gidansu. Maƙera suka yi ta sintiri wajen Hajara suna neman ta sayar musu da lam ɗin su ƙera hauya, tana ce musu ba nata ba ne, na Sani ne.

Sani shi ne babban ɗansa. Tun kafin rasuwar uban ya tafi arewa wajen masu haƙar zinariya, bai haƙa ba, gyaran motocin da ke ratsa sahara ya koya. Bara da kaka ya dawo gida da mata da 'ya'ya, ba aiki a hannu, sai akwatin kayan gyara. Ya ce mini motar nan zai tayar, ya mai da ita layin Belbeji. Na ce masa Alhaji Bukar na nan da ransa, kuma bai manta ba. Ya ce shi ma bai manta ba, tun yana saurayi ake ce masa ɗan Mai Rawa, ba ya so a ce wa 'ya'yansa jikokinta.

Injin bai ba shi wahala sosai ba. Da bazara ta shigo motar ta tashi, ya cika tsofaffin amortisa da mai yadda uban yake yi, muka fita da sassafe, ya share hanya da reshen aduwa. Da na ga bashen ta taho tana ƙugi, sai da na dafe ƙirji. Ya danna birki, muka duƙa, ga layi biyu sambal. Na yi tsalle irin wanda gwiwata ta manta da shi, na ce mu tafi tasha yanzun nan, yau sai an ba Issufu haƙuri a kabarinsa.

Sani bai motsa ba. Ya ce, "Baba Mushe, ran da ta juya da mutane, wane lokaci ne?"

Na ce, "Bayan azahar."

"To mu yanzu wane lokaci ne?"

Na ce masa wannan wace irin tambaya ce, ai kowa ya san ba a duba sawu da rana tsaka, ubanka ma haka ya koya. Ya ce ya sani, shi ya sa ya roƙi innarsa ta tara masa tokar murhu buhu guda.

Ranar muka kama hanyar Belbeji da buhunan yashinmu, muka bi gargadar nan da ke kaɗa wa mutum haƙora har kusa da garin, muka juyo rana na tsakar ka. Da muka iso wurin gwaji ya ce in sa hannu in taɓa amortisar baya. Na taɓa, na yarfe hannu ina salati, ta yi zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya barbaɗa toka a kan jar ƙasar hanya har ta yi fari, ya ce in koma can nesa. Ya taho, ya danna birki. Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba, abin da fasinjojin ranar nan suka gani. Bayan motar ya ɗaga yana dukan ƙasa, bam, bam, bam, ya zame hagu, da ƙyar Sani ya riƙe ta. Da ƙura ta lafa muka je kan tokar. Inda taya ta taɓa ta share ta, inda ta yi tsalle tokar na nan fara. Sawun guntu-guntu ne tun daga farko har ƙarshe.

Sani ya yi mini bayani a taƙaice. Da safe man da ke cikin amortisa yana da kauri, yana riƙewa. Idan ta sha gargada cikin zafin rana sai man ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, ya yi kumfa, ba ya riƙe komai. Ya ce a sahara kowane makanike ya san haka, don motocinsu yini suke yi suna tafiya, shi ya sa suke sa amortisa bibbiyu su raba aikin.

Na zauna a inuwar motar, na rasa abin da zan ji. Da farko baƙin ciki ne ya kama ni, don na tuna yawan safiyoyin da bawan Allahn nan ya tsugunna yana neman laifin da ba ya fitowa sai rana ta take. Ilimin da ya fi alfahari da shi, wanda ya gada daga kawunsa, shi ya rufe masa ido. Amma kafin in gama wannan sai wani farin ciki ya taso mini, na kama dariya har da hawaye. Ashe Issufu bai yi ƙarya ba, Alhaji Bukar ma bai yi zalunci ba. Kowa abin da ya gani ya faɗa, ɗaya motar safe ya gani, ɗaya ta yamma. Kuma da me aka kama laifin? Da sawu, hanyar Issufu, ɗansa lokaci kawai ya canza mata.

Daga nan aiki ya kankama, ni kuma na tare a ƙofar gidan, ina miƙa sifana ina ba da shawarar da ba wanda ya tambaye ni. Sani ya aika wa abokansa na Agadas suka turo masa amortisa irin ta motocin sahara, mai iskar gas a ciki, wadda ba ta saurin yin kumfa. Mai walda ya ƙara mazauni a kowane gefe na baya aka sa bibbiyu. Ya canza na gaba ma, don hancin motar ya daina nutsewa da sauri. Ya zare ƙarin lam ɗin da aka cusa tun kafin uban ya sayi motar, ya ce taurin da suka sa mata yana cikin abin da ke sa baya tsalle, ya ba innarsa ta ba maƙeran da suka daɗe suna naci. Ya sabunta robobin da suka ƙeƙashe, ya daidaita birkin baya don kada ya riga na gaba kamawa. Duk abin da ya taɓa sai mun je mun sha gargada mun dawo mun barbaɗa toka. Murhun Hajara ya kasa, har maƙwabta aka shiga bi ana roƙon toka, matan unguwa suna tambaya ko sabulu za mu dafa.

Sau da yawa a kwanakin nan nakan tambayi kaina me Issufu zai ce da ya ga Tanut ta yau. Na san zai yi tsaki idan ya ga adaidaita da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfin raƙumi, da samarin da ke tuƙa babur hannu ɗaya a kunne. Amma akwai ranar da Sani ya ɗaure wayarsa a ƙarƙashin motar ta ɗauki hoton taya lokacin birki, muka zauna muna kallo a hankali, muna ganin yadda take lotsawa ta manne da ƙasa. Wannan kam da Issufu ya gani, rantsuwa zan yi ranar ba zai ci tuwo ba. Zai karɓe wayar, ya kalla ya sake kallo, sannan ya juyo ya ce mini, kai Mushe, duk karatunka ka taɓa tunanin wannan? Kuma na san ba zai ji haushi don ɗansa ya gano abin da ya kuɓuce masa ba. Yawo zai yi da yaron tasha-tasha yana nuna shi.

Da Sani ya gamsu, muka je wajen Alhaji Bukar. Ya tsufa, sai da sanda. Sani ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba Alhaji, hukuncin da ka yanke daidai ne, motar tana da laifi, na gani da idona. Na gyara. Ina roƙo ka zo ka duba, amma ba da safe ba, bayan azahar, kuma sai ta je Belbeji ta dawo."

Alhaji ya ɗago ya dube shi. "Ubanka kullum da asuba yake kira na."

"Shi ya sa, Baba Alhaji."

Rabin tasha ta fito ranar, wasu don su ga an yi nasara, wasu don su ga rawa. Alhaji ya sa wani direbansa ya bi Sani har can ya dawo don kada a ce an huta a hanya. Muna tsaye a rana muna zufa sai ga ƙura ta taso. Bashen ta taho da gudun da ban san tana da shi ba. Ya danna birki. Tayoyi suka yi ƙara, motar ta ɗan durƙusa gaba ɗayanta, ta miƙe zar, ta tsaya cak. Ban san lokacin da na jefar da hulata sama ba. Alhaji ya taka da sandarsa ya bi tokar daga farko har inda motar take. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙan Issufu. Ran kasuwa ta shiga layi."

Na ɗauka nan ne ƙarshen murnata, ashe da saura. Ranar kasuwar farko mutane suka yi ta noƙewa, sai waɗanda suka makara suka rasa wata motar ne suka hau. Ni kuwa ba abin da zan saya a Belbeji, amma na ƙi gidan gaba, na haye baya na zauna can ƙarshe inda ya fi ko'ina tsalle a da. A dawowa motar ta cika, don mai kaya a hannu da rana a ka ba ya zaɓen mota. Muna tafe bayan azahar, an sha gargada an ƙoshi, mata biyu a gabana suna ta musu a kan tsadar barkono, sai ga garken tumaki ya ɓarko hanya daga wani kwari. Na ji lokacin da Sani ya taka birkin. Na rufe ido na riƙe ƙarfe. Muka ɗan rusuna gaba, kafaɗa ta bugi kafaɗa, motar ta tsaya.

Na buɗe ido. Matan nan ko numfashi ba su ja ba, suna kan barkononsu. Wani tsoho ya gyara rawaninsa. Ni kaɗai na miƙe ina kabbara, ina buga rufin motar ina ce wa Sani ya jira in sauka in duba sawu. Kafin ƙafata ta taɓa ƙasa tumakin sun zagayo ta bayanmu sun tattake wurin kaf, ba abin da ya rage. Na tsaya a tsakiyar hanya da hawaye a gemu, fasinja na kallona suna tunanin ko rana ce ta taɓa ni.

Na daɗe ina tunanin abin da Issufu ya bari. Bai bar gida mai bene ba, sunan da gari ya ba shi ma na tsokana ne, kuma na san har yanzu za a yi ta kiran motar Mai Rawa ko da ta daina. Amma ya bar ɗan da ba ya yarda da gyara sai ya duƙa ya tambayi ƙasa, kuma na fara ganin samarin direbobi na zuwa wajen Sani suna tambayar amortisa maimakon ƙarin lam. Wannan ya ishe ni.

Ina tsaye a wurin ɗaya daga cikin matan nan ta leƙo ta ce, "Baba, don Allah hawo mu tafi, yara na jira. Ai ba abin da ya faru."

Na hau. Issufu, bawana, shekara nawa ka yi kana share hanya don wata rana fasinja ya faɗi wannan maganar, ga shi an faɗa a bayan motarka, a kunnena. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.